Ziblim Fita da Nishin Motar Makara

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Nima ya san akwai mutum ɗaya da ba ya komawa gida bayan an sallame sallar asuba. Sai ya naɗe buzunsa, ya ratsa ta bayan masallaci, ya gangara bakin kwatar da ta raba mu da Maamobi, inda ake ajiye motar makara ƙarƙashin rumfar kwano. Ba ya taɓa ta. Tsayawa yake yi da hannu biyu a baya, ya karkata kai kamar mai sauraron magana ta jikin zana, har Tajudeen direba ya zo ya taka sitata. In ta tashi, sai ya gyaɗa kai ya wuce wajen mai koko. In ta yi jinkiri ko da na numfashi ɗaya ne, to ranar nan koko sai ya huce.

Wannan shi ne Baba Ziblim Fita. Fita muke ce wa mai gyaran mota a nan bakin teku. Bana ya ajiye sifana saboda yana ta rufe masa ido, bayan shekara talatin da ɗoriya yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Ba a yi masa taro ba, ba a yanka ko kaza ba. Shi ya sa na ga gara a rubuta wani abu tun yana da kunnen jin a karanta masa.

Badagombe ne, daga wajen Savelugu. Ya gangaro kudu yana ɗaukar wa soja kaya a yaƙin Jamus na farko, aka haye teku da su, can ya fara leƙa cikin inji. Da ya dawo ya zauna gareji a Adabraka, daga baya ya hauro Nima lokacin da gidajenta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba. Kunne gare shi da tafin hannu. Direbobin tashar Tudu har yau suna ba da labarin ranar da wata babbar mota ta wuce shi yana cin gyaɗa, ya ce a bi ta a tsayar, ƙafarta ta baya za ta fita kafin Nsawam. Aka yi dariya, aka dai bi ta. Ƙusa biyu suka rage a jiki. Irin wannan yana da yawa, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Motar makarar nan tsohuwar motar burodi ce da jama'a suka haɗu suka saya, don maƙabarta ta yi nisa a kafaɗa. A daminar shekara ta bakwai bayan girgizar ƙasar da aka yi a garin nan ta fara wani hali. Da rana lafiya lau. Amma da sanyin safiya, in Tajudeen ya taka sitata, sai injin ya juya a hankali, da ƙyar, yana wani sauti daga can ƙarƙashin dandamali, daidai inda ake ajiye makara. Ba ƙarar ƙarfe ba ce. Nishi ne, irin na tsohon da aka juya a shimfiɗar jinya. Sai ta yi shi sau uku ko huɗu sannan ta kama. Da yake yawancin jana'izarmu bayan azahar ake yi, ba wanda ya damu.

Sai Abass ya rasu. Mai gadi ne a wani kantin katako, mutum marar yawan magana, ba shi da dangi a nan sai matarsa Awabu. Ya cika kafin asuba, Liman ya ce ba dalilin jira, a kai shi da safe. An kwana ana ruwa. Aka yi masa salla, aka sa makara a mota, mutane suka jeru a baya. Tajudeen ya taka. Ta yi nishi. Ya sake, ta yi wani wanda ya fi na farko tsawo, har waɗanda ke kusa da ƙofar baya suka ja da baya. A na uku sai sautin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya yanke, kamar an ɗauke rai a karo na biyu. Hannun juya injin ya daɗe da ɓata. Wani ya ce a tura, Liman ya ce ba a fizgar gawa.

Ziblim na cikin sahu. Ya fito, ya durƙusa a taɓo, ya zura hannu ƙarƙashin dandamali inda batir yake zaune. Akwai wata waya mai kauri da ke tashi daga batir ta kama ƙashin mota, ita ke mayar da wuta gida bayan ta gama aikinta. Turawan da suka koya masa "at" suke ce mata da Turancinsu, shi kuwa tun tuni ya mayar da ita bakinmu, yana ce mata ƙasa. Ya taɓa, ya ji ɗumi inda bai kamata ba. Da Hausarsa ta Dagomba, wadda ke mayar da kowane abu namiji, ya ce da kansa, ba da kowa ba:

"Ƙasa ba ya karɓa."

Ba sifana a jikinsa, ga gawa na jira. Ya miƙe ya sa kafaɗa, aka ɗauki Abass a ƙafa. A maƙabarta kabarin farko ruwa ya tsattsafo a ciki, sai da aka haƙa wani. Kuma da rana ta ɗaga, Tajudeen da aka bari wajen mota ya taka sitata don gwaji, ta tashi bugu ɗaya, ba kowa a cikinta.

Washegari aka aiko wa Ziblim daga Koforidua, motocin ɗaukar amfanin gona sun lalace. Ya tafi da niyyar kwana bakwai, ya yi wata guda da kwana uku.

Magana zarar bunu ce. Mutum uku suka ji abin da ya faɗa, kafin la'asar Nima da Maamobi sun ji. A baki na farko, ƙasa ba ya karɓa. A na biyu, ƙasa ba ta karɓarsa. Kafin ta ƙetare kwata ta zama: Baba Ziblim, wanda ya ga gawa dubu a yaƙi, ya taɓa ƙasa da hannunsa ya ce ta ƙi Abass. Sai aka shiga tono. Wani ya tuna marigayin ya taɓa rigimar iyakar fili da maƙwabcinsa, aka ce ai ga shi nan, taki ɗaya ya ci, ƙasa ta riƙe. Aka daina ɗaukar mota, aka koma kafaɗa. Masu fita da sassafe kuma suka fara cewa suna jin ta tana nishi ita kaɗai a rumfa, aka daina bin hanyar nan sai rana ta fito.

Da Ziblim ya dawo ya ga gari ya sauya masa. Mutanen da suke tsokanarsa da Badagombe mai cin doya yanzu sunkuyawa suke yi. Wata mata ta kawo masa jariri ya tofa. Ya ɗauka tsufa ne ya kama shi bai sani ba.

Ran nan da la'asar yana wanke ƙusoshi cikin kananzir sai ya ga inuwa ta tsaya a bakin rumfarsa. Mace ce a lulluɓe, ba ta shigo ba. Awabu ce, tana cikin takaba, kuma kowa ya san mai takaba ba ta fita sai abin ya kai wuya.

Ta ce, "Baba, sannu da dawowa."

"Mma Awabu. Ya haƙuri? Da kin aiko ai da na zo."

"Wa zan aika? Ba mai taka ƙofata." Ta gyara lulluɓi. "Ran uku na soya masar sadaka, aka kai gida-gida, aka dawo mini da ita a rufe. Ran bakwai haka. Kaji na ba wa. Juma'ar nan arba'in. Ban zo faɗa ba, Baba. Shekara goma sha tara ina tare da mutumin nan, ban san shi da cin ko allurar wani ba. Amma kai ka ga abin da ban gani ba. Ka faɗa mini me ya yi, in san abin da zan roƙa masa."

"Ni? Me na gani?"

"Kai ka ce ƙasa ta ƙi shi."

Ziblim ya daɗe riƙe da ƙusa ɗaya, kananzir na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya nemo safiyar nan a ransa, ya ji muryar kansa. Ya buɗe baki zai ce ai waya yake nufi, sai ya rufe. Ya gane in ya faɗa mata a nan, ita kaɗai za ta ji, kuma gari zai ce tsoho ya tausaya wa bazawara ya janye magana. Abin da baki ya ɓata a gaban jama'a, ba a gyara shi a bayan rumfa.

Ya ce, "Koma gida. Ki jiƙa shinkafar masa, ki jiƙa da yawa."

Ya samu Tajudeen a Tudu yana zaman banza a kan benci.

"Kai Bayarabe, ina motar jama'a?"

"Baba, bar maganar nan. Ina da 'ya'ya."

"An ce yana nishi shi kaɗai da safe."

Tajudeen ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ni ne. Nakan lallaɓa in taka, ko ta huce. In ta yi kukan nan sai in gudu."

"To fatalwan Nima ke nan, da hular direba. Gobe bayan salla ka same ni a can."

Ciwon sanyi da sanyi ake kama shi, haka Ziblim yake cewa. Inji in ya ji rana ƙarya yake yi wa mai gyara. Don haka kowace safiya dama ɗaya gare shi, kuma safiya uku suka rage kafin Juma'a. Ya riga ya yi zato tun ranar jana'iza, amma ya ga abin da zato ya jawo da ya fita daga bakinsa, ya ƙudura ba zai sake cewa uffan ba sai ya tabbata. Ga kuma abin da ke cin sa: da hannunsa ya kankare wayar nan wata shida da suka wuce. Wayar da ke shekara biyar ba ta ruɓe ba, me ya cinye ta a damina ɗaya?

Ran Talata ya sa aka kunna fitilu sannan aka taka sitata. Suka dushe suka yi ja kamar garwashin da ya kwana. Ya ce to, ba mai ba ne, ba fulogi ba ne, injin da ke juyawa da sauri ya ƙi kamawa shi ake nema wa waɗannan. Wannan ƙarfin juyawar ne babu. Ya zaro baƙin mai ya murza a yatsa, ya ji ya yi kauri kaɗan, amma bai isa ya riƙe inji haka ba. Ran Laraba ya aro batir mai rai daga wata motar Kumasi, suka ɗauko shi a ka su biyu. Aka ɗaura, aka taka. Nishin nan dai, bai ragu ba. Tajudeen ya saki sitiyari ya fara karanta abin da ya sani.

"Ka gani, Baba? Sabon batir ma ta ƙi."

"Na gani. Batir ya fita daga zargi. Saura hanya."

Ran Alhamis gari ya waye da yayyafi, rumfar ta yi duhu, kwata na gudu a gefe. Ziblim ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige ƙarƙashin dandamali, fuskarsa taki ɗaya da katakon da ake ɗora makara. Ya ce a taka a riƙe. Nishin ya taso a kan ƙirjinsa, ya ji shi har cikin haƙora. Ya bi wayoyi da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, don inda wuta ta sha wuyar wucewa nan take barin zafi. Ta sitata da sanyinta. Kawunan batir da sanyinsu. Da ya kai inda ƙasa ta kama ƙashin mota sai ya janye yatsa, wurin kamar bakin tukunya. Ya kankaro wani abu mai laushi da farce, ya kai hanci.

Kafur.

Ya faɗa mini da bakinsa cewa a nan ne kaɗai tsigar jikinsa ta tashi. Yana kwance a duhu, a miƙe, hannu a ƙirji, ga ƙamshin likkafani a yatsunsa, ga ɗigon ruwa mai sanyi ya faɗo masa a goshi daga tsakanin katako. Ya ce ya yi salati, sannan ya tuna shi fita ne, ya kai yatsan bakinsa ya lasa. Gishiri.

Bai gama fitowa ba sai ga ƙafafu biyu sun tsaya a bakin mota, da bokiti. Tsohuwa Memuna ce, mai wankan gawar mata, wadda ta wanke rabin matan da muka binne a unguwar nan. Ita kaɗai ba ta daina zuwa rumfar ba.

"Ziblim, fito daga nan kar in jiƙa ka. Lokacinka bai yi ba."

"Mma Memuna, me ke cikin ruwan?"

"Kafur da ɗan gishiri, yadda uwata ke wanke makara a Salaga. Tun azumin bara nake yi, duk Alhamis, da kuma duk ranar da aka kai wani. Baƙin Allah ke hawa motar nan, ba za su kwanta a kan dattin wani ba."

Ya dube ta, ya dubi katakon da ruwanta ke bi yana sauka daidai kan wayar. Ya san garin da ya cinye Abass a kan kalma huɗu, abin da zai yi wa tsohuwar da hannunta ke taɓa gawa kullum.

Ya ce, "Allah ya ba da lada, Mma."

Bai gyara komai ba ran nan.

Ran Juma'a da aka sallame asuba ya miƙe a masallaci, abin da bai taɓa yi ba, ya roƙi jama'a su biyo shi rumfa. Suka biyo, amma suka tsaya nesa. Ya buɗe ƙofar baya ya nuna musu ba kowa. Tajudeen ya taka, ta yi nishinta. Ziblim ya juyo ga jama'a.

"Wane gawa ke ciki yanzu?"

Can wani daga baya ya ce, "Ai tunawa take yi."

"To. Malam, don Allah hau ka zauna. Albarkarka ya kore tunanin."

Liman mutum ne mai wayo, ya dubi Ziblim ya gane akwai magana. Ya tattare riga ya hau, ya zauna daidai wurin makara da carbinsa. Aka taka. Nishin da ta yi ya fi na ranar Abass muni.

Ziblim ya ce, "Malam, kai ma iyakar wa ka ci?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Ziblim ya shige ƙarƙashi da sifana, ya kwanto wayar, ya fito da ita ya ba na kusa, ta bi hannu-hannu. Bakinta ya yi kore, ya ruɓe, sili uku ko huɗu ke riƙe da ita.

"Wannan shi ne ƙasa. Haka nake kiransa tun kafin a haifi rabinku. Shi ne bai karɓi wuta ba ran nan. Da rana yakan bushe, mai ya saki, ya lallaɓa ya wuce. Da sanyi ba ya iyawa. Ni na faɗi magana a inda bai kamata ba, ban tsaya na fassara ba. Laifin bakina ne. Abass bai ci taki ɗaya na kowa ba a sanina."

Ya yanke ruɓaɓɓen, ya kankare ƙashin mota da samfefa har ya yi fari, ya ɗaure tam, ya shafe da giris. Sannan ya sa aka ɗauko makarar masallaci aka sa a ciki. Ya cire takalmi ya hau, ya miƙe a kanta, ya ja mayafinsa ya rufe har fuska. Ba wanda ya taɓa ganin mai rai ya yi haka. Daga ƙarƙashin mayafin muryarsa ta fito:

"Ni na bi soja shekara uku. Abin da idona ya gani da abin da hannuna ya ɗauka, Allah kaɗai ya sani. In mota na ƙin mai zunubi, yau zai nuna. Taka, Bayarabe."

Bugu ɗaya ta tashi.

Liman ya ce a wuce gidan Abass gaba ɗaya, daga nan, ba wanda zai biya gida. Masar da Awabu ta soya ba ta kai hantsi ba. Maƙwabcin nan na rigimar iyaka shi ya fara miƙa hannu, ya ci uku a tsaye yana kallon ƙasa. Awabu ta aiko wa Ziblim da ta ƙarshe a ganye.

Da yamma ya buga fallen kwano ƙarƙashin dandamali, ya karkata shi yadda ruwa zai zube gefe. Memuna ta ci gaba da wankinta duk Alhamis har bara da aka ɗauke ta a motar, da sassafe, kuma motar ta tashi bugu ɗaya. Da aka tambaye shi me ya ci wayar, iskar teku ya ce. Sai bayan Memuna ta rasu ya faɗa mini gaskiyar, kuma da izininsa na rubuta.

Kai ne, Ziblim, ɗan Savelugu, kunnen da ya fi idon wasu. Na yi fataucin goro daga Kumasi har Legas, na ga masu gyara iri-iri, kowanne in aiki ya ɓaci sai ya nemo wanda zai ɗora wa. Kai ka ɗauki laifi ka ɗora wa bakinka a gaban sahu, ka wanke mamacin da ba zai iya gode maka ba, ka kuma rufa wa tsohuwa asirin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Mun gode, Baba. Allah ya sa hannun nan da ya sha baƙin mai ya karɓi littafinsa ta dama.

Ku kuma masu tasowa a garejin Adabraka da Tudu, sifanarsa na nan, kowa na iya saya irinta. Ku ɗauki ɗayan halin: kada ku faɗi sunan ciwo sai kun taɓa shi da hannu, in kuma kalma ta kuɓuce muku, ku bi ta har inda ta kwana. Mu ma da ba mu gyara komai, mu da muka dawo wa Awabu da masarta a rufe, wannan ya shafe mu.

Jiya na same shi a bakin rumfa, hannu biyu a baya, ido fari fat, kai a karkace. Na ce, Baba, ka ajiye aiki, me kake nema a nan cikin sanyi?

Ya ce, "Saurara nake yi. Na san garin nan. Ranar da motar nan zai ɗauke ni, ba na so ya yi ko tari."